Jan da ke cikin gorar manja

Akwai wata mata da nake sayen manja a wajenta a bakin kasuwar unguwarmu. Ranar nan da sanyin safe na tarar man ya daskare a jarka, ta jingina ta a rana tana jiran ya narke. Ta ce, "Malam, sai ka ɗan yi haƙuri, shi manja ba ya son hunturu." Na zauna a benci ina kallon yadda take ɗura shi a tsofaffin gorunan ruwa da mazurari, yatsunta sun yi jawur har ƙarƙashin farce.

Zaman jiran nan ne ya sa na tuna cewa wannan man da muke zubawa a wake da miyar ganye, shi ne hajar da ta gaji mutum a cikin jiragen Turawa. A 1807 majalisar Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta safarar bayi. Attajiran Libaful, garin da yaranmu suka sani da ƙwallo kawai, ba su ɗaure jiragensu ba. Suka koma bakin ruwan da suka saba, Bonny da Kalaba, suna neman manja, don masana'antun Ingila na buƙatarsa wajen yin sabulu da kyandir da shafe injina. Wajen 1810 abin da ke shiga Birtaniya kimanin tan 1,000 ne a shekara, amma a shekarun 1850 ya haura tan 30,000. Har yankin ya samu suna a bakinsu, Kogunan Mai.

Safarar bayin dai ba ta mutu rana ɗaya ba. Barazil sai a 1850 ta rufe ƙofa da gaske, Kyuba kuwa ta ci gaba da karɓar bayi har cikin shekarun 1860.

Abin da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kai ba shi ne wanda ya yi aikin man. Sai an hau bishiya an saro nonon kwakwar manja, a dafa, a tattake da ƙafa, a tace, ga ɗibar ruwa da itace, sannan a ɗora tulu a ka zuwa bakin kogi, a tuƙa kwalekwale kwana da kwanaki. Wa zai yi wannan wahala a arha? Bawan da da za a sayar wa Bature, yanzu an riƙe shi a gida, an ba shi gammo. Sarki Gezo na Dahomey bai daina kai hari ba, sai dai an ƙara gonakin kwakwa inda kamammu ke aiki. A ƙasar Yarbawa ma haka, kuma cikin masu dakon akwai Hausawa da yawa. Wasu da suka gudo Legas su ne wani Bature, Kyaftin Glover, ya ɗauka aikin bindiga a 1863, rundunar da sojan Nijeriya ke lissafin asalinsa daga gare ta.

An samu wanda man ya ɗaga, kamar Jaja, yaron da aka sayar a Bonny ya zo ya kafa Opobo, ya riƙe kasuwar manja har Turawa suka ga ya tare musu hanya. A 1887 suka gayyace shi tattaunawa a jirgi, suka wuce da shi. Bai sake ganin Opobo da ransa ba. Irinsa kuwa ɗaya ne cikin dubbai, sauran sun ƙare da tulu a ka.

Da man ya saki, matar ta cika mini gora, ta ƙara 'yar gyara, ta goge bakin da tsumma. Na tambaye ta daga ina ake kawo mata. Ta ce daga kudu, mota ke saukewa duk Talata, kuma wannan makon jarka ta ƙara kuɗi.