Hular da Na Baro a Ruwan Ikko

Mu mutanen Kankiya da Kusada ba 'yan ruwa ba ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya, wanda sai ka saki igiya gaba goma sha kafin ka ji guga ya ce tsulum, sai kududdufin bayan gari inda ake haƙar ƙasar gini, sai rafin da kan yi fushinsa na kwana biyu a watan Agusta sannan ya koma yashi. Ba ƙaramin duka muka sha ba a kan wankan kududdufi. Da aka gina dam ɗin Zobe can wajen Dutsin-Ma, na je na tsaya daga nesa na yi kallo, hannuwana a baya, na komo gida. Iyakar hulɗata da babban ruwa ke nan har gemuna ya yi fari fat.

Haka nan kuma, a wurinmu kowace tafiya da sunanta. Ko fatauci, ko cin rani, ko neman karatu, ko gaisuwar mutuwa, ko biki, ko aikin Hajji. Mutumin da ya ɗauki jaka ba don ɗayan waɗannan ba, ya ce wai zai je ya huta, to, sai a fara yi masa addu'ar shiriya. Na koyar a firamare shekara 35, rabinsu ina hedimasta, hutu uku nake samu a shekara, amma ban taɓa hutawa a ko ɗaya ba. Na damina na gona ne, sauran na bin dangi da gyaran katanga.

Babban ɗana ya san halina, shi ya sa bai ce mini in zo Ikko yawon buɗe ido ba. Cewa ya yi in zo likita ya duba idon. Shekara guda ke nan kafin annobar korona, cikin hunturu. An duba ido ranar Laraba, an ba ni tabarau. Ranar Asabar bayan asuba sai na ga ana ta haɗa kuloli da tabarma.

"Ina kuma za mu?"

"Baba, ruwa za mu shiga. Kwana ɗaya kawai."

"Wa ya rasu a can?"

Jikata, wadda nake kira amarya, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Angon ƙauye, tsoro kake ji ke nan." Wannan maganar ce ta sa ni cikin mota. Namijin da ya kai saba'in yana iya jure komai ban da gorin jika.

A tashar jiragen ruwa da ke Falomo, unguwar Ikoyi, muka hau wani ƙaramin jirgi mai inji da rumfa, wanda ɗana da abokansa biyu suka yi shata. Matuƙin Ba'egune ne, daga mutanen nan masunta na yankin Badagiri. Yaronsa kuwa, da ya buɗe baki ya ce "Sannu da zuwa, Baba Alhaji", sai na ji Hausa tsantsa, irin ta mutanen yamma. Ɗan Yawuri ne, shekarunsa ba za su wuce ashirin ba. Ya miƙo mini rigar nan mai ruwan lemo da ake sawa don kada a nutse. Na dubi babbar rigata, shadda ce da ta sha bugu, na dubi abin da ya miƙo, na ce masa ya bar ta, abin da Allah ya rubuta ba riga ce za ta kankare shi ba. Yaron bai yi musu da ni ba. Ya dai tsaya riƙe da ita, matuƙi kuma ya ƙi ta da inji. Jirgi ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Na karɓa na ɗora a kan babbar riga, na koma kamar buhun auduga da aka ɗaure da igiya.

Zangon farko Tarkwa Bay ne, bakin teku da ba a isa gare shi sai ta ruwa. A nan na fara ganin teku ido da ido. Na taɓa hango ta ta tagar jirgin sama a hanyar Jidda, amma wannan hange ne. Abin da ya fara kama ni ƙarar ce, wani irin gurnani da ba ya yankewa, kamar hadarin gabas da ya ƙi ƙarasowa. Lokacin walaha ya yi, na ce a kawo buta. Sai na tuna wani abu. Muna yara a zauren malaminmu a Kusada, mun karanta a babin tsarki na Risala cewa ruwan teku mai tsarki ne kuma ana tsarki da shi. Mun haddace, mun biya, daga baya ni ma na biya wa wasu, alhali a cikinmu duka, har shi malam, Allah ya jiƙansa, ba wanda ya taɓa ganin teku. Na ajiye buta, na naɗe wando, na durƙusa a bakin kumfa. Kurkurar farko na ji gishiri ya game bakina har maƙogwaro, da na shaƙa a hanci kuwa sai hawaye. Shekara sittin ina ɗauke da hukuncin a ka, ranar nan ya sauko harshe.

Daga nan muka juyo ta mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa. Sunan nan na san shi tun ban san harafi ba. Gyaɗar da muke roro muna yara, a kai sikeli, 'yan baranda su saya, a loda a mota zuwa Kano a tara ta dala-dala, ƙarshenta Apapa take zuwa, a jirgin ƙasan da layinsa ya iso Kano a 1911. Goron da kakana ke ci kuma, a zamaninsu ta nan wani yake shigowa daga ƙasar Gwanja. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka riƙa ɗauko shi ta teku daga Ankara zuwa Ikko maimakon doguwar tafiyar ayari. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kwantar da dala. Yanzu abin da ke Apapa kwantena ce, an jera ta hawa-hawa a kan jiragen da kowannensu ya fi makarantar da na riƙe tsawo, har da filin ƙwallonta.

Ɗaya daga cikinsu ne ya gifta ta gefenmu a hankali, kamar gari guda ya tashi tafiya. Murna ta ɗebe ni. Na miƙe tsaye ina nuna wa amarya, ina shirin yi mata lacca a kan gyaɗa. Ban san cewa babban jirgi yana jan igiyar ruwa a bayansa ba. Ta daki cikin jirginmu, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashin ƙafata.

"Baba, zauna!"

Tsawa ce, irin wadda ni nake yi wa 'yan aji uku. Kafin in ankara yaron ya cafki wuyan rigar lemon nan ya maka ni a kan benci. Hulata, zanna bukar da na saya don ɗaurin auren autata, ta tashi ta faɗa ruwa. Na ga ta yi juyi biyu, tana tafe a kife kamar ƙoƙo, sannan kumfa ta rufe ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba hular ba, tsawar. A gaban ɗana, a gaban jikata, yaron da bai kai sa'ar autata ba ya yi mini ihu ya kuma kama ni da kokawa. Na ɗaure fuska, na ƙi kula kowa har muka shige dogon rafin da ya nufi Badagiri. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya koma goshin jirgi ya tsuguna, idonsa a kan ruwa, yana yi wa matuƙi ishara da hannu: nan kututture, can ragar masunta, can kuma tarin wata irin kainuwa mai naɗe farfelar inji.

Fushin da babu mai lallashinsa ba ya daɗewa. Tunda an hana ni tsayuwa kuma na hana kaina magana, sai ya zama ba abin da ya rage mini sai kallo. Rafin nan yana tafe kafaɗa da kafaɗa da teku, siririn tudun yashi mai itatuwan kwakwa ne kawai ya raba su, kuma in ka bi shi har Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin zai kai ka. Muka wuce Tin Can, muka wuce tsibirin da suke kira na Maciji, muka tsaya Ibeshe aka sayi kifi. Na ga yarinyar da ba ta fi shekara bakwai ba tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai, a tsaye, kamar yadda namu ke kora jaki. Na ga masu haƙar yashi sun ɗinke tsofaffin buhuna sun kafa a kan gora, iska na tura musu jirgi, sun yi lodi har ruwa na lasar baki, su kuwa suna kishingiɗe. Ban tuna ranar da na yi awa biyu a zaune ba tare da ina jiran wani ko wani na jirana ba.

A Ilashe muka kwana. Bayan isha'i yaron ya zo da shayi ya durƙusa.

"Baba Alhaji, a gafarce ni. A ruwa in ka tsaya zaɓen kalma, kafin ka gama an rasa mutum."

Na ce masa ya wuce, ya zauna. Na tambaye shi asalinsa. Ya ce kakanninsa Gungawa ne, mazauna tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri, kuma gungun da aka haifi kakansa yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin a Kainji a 1968. Ya ce kakan kan tsayar da kwalekwale a tsakiyar tafki ya nuna ƙasa da filafili ya ce nan ne ƙofar gidansu. Na koyar da dam ɗin Kainji a darasin labarin ƙasa ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, a matsayin abin alfahari mai ba mu lantarki. Ko sau ɗaya ban ce wa yara akwai ƙofar gidan wani a ƙarƙashinsa ba.

Washegari muka isa Badagiri. An nuna mana benen da mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da kurkukun bayi na Seriki Abass mai ɗakuna arba'in, kowane ɗaki bai kai rumbuna faɗi ba. Ta wannan gari Baturen nan Clapperton ya shigo a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Bello, can kuma ya mutu a 1827. Duk wannan na taɓa karantawa. Abin da littafi bai shirya ni ba shi ne Gberefu. Ana ƙetarawa ne a kwalekwale, sannan a taka da ƙafa cikin yashi mai cin dunduniya, a wuce wata rijiya da masu ja-gora ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har a ɓullo bakin teku inda jiragen Turawa ke jira.

Kakata takan ba mu labarin hare-haren Maraɗawa, yadda ake rufe ƙofar ganuwa tun la'asar, da 'yan'uwan da aka kama a gona ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kullum a raina arewa suka yi, Agadas ko Tarabulus. Ban taɓa kawo cewa wasu Hausawan kudu aka gangaro da su, hannu zuwa hannu, har bakin wannan ruwa ba. Ga shi kuwa sun yi yawa a Bahia ta ƙasar Barazil har su ne suka shirya tawayen 1807 da na 1814, kuma a boren da Musulmin birnin Salvador suka yi cikin azumin 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutumin da bai san ruwan da ya wuce kududdufi ba, kamar ni, a kawo shi nan da mari a ƙafa, ya ji wannan gurnani karon farko. Ni da aka kawo da kular abinci da rigar lemo ma sai da gwiwata ta yi sanyi. Amarya ta ja hannuna ta ce a ɗauke mu hoto. Na ce ta bari sai mun koma jirgi.

A dawowa ba wanda ya roƙe ni. Da kaina na ɗauki rigar, na ce wa yaron ya ja mini maɗaurin da kyau. Na tuna da shi a ƙarshen Nuwamban 2021, ranar da jirgin fito ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, nan kusa da mu in ka bi ta Bichi, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A majalisa aka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma na tuna bakin da ya faɗi irin wannan magana a Falomo, da yaron da ya tsaya riƙe da riga bai ce uffan ba, sai na kasa sa baki a hirar.

Tsarabar da na zo da ita daga Ikko ba ta da yawa: kwakwa shida, tabarau, da gorar roba cike da ruwan tekun Gberefu. Uwargida ta dubi kaina ta ce, "Malam, ina hular?" Na ce tana Apapa, ta bi sawun gyaɗa. Gorar kuwa na hau mota na kai Kusada wurin wani abokin karatuna, wanda ya gaji zauren malaminmu, ya kuma fi shekara arba'in yana biya wa almajirai babin tsarki. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ɗanɗana da yatsa ya yamutsa fuska. Ya ce a kira masa manyan ɗalibai. Suka kewaye shi a ƙofar zaure, ya tsiyaya rabi a buta ya yi alwalar la'asar a gabansu, a hankali, yana tattalin kowane ɗigo. Sauran rabin ya toshe ya tura bayan littattafai, ya ce na 'yan baɗi ne.