Ai Jinin Ya Sauka

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata a Kano, ranar ganin masu hawan jini, ya san baƙar ledar nan. Kowa da tasa, wata a ƙulle a bakin zani, wata a aljihun riga. A ciki akwai kati, da takardun likita da suka yi laushi don yawan ninki, da ragowar ƙwayoyi. Makon jiya na kai gwaggona, muka samu benci tun kafin hantsi, sai ledojin suka ɗauke mini hankali.

Tsohuwar da ke kusa da mu ta kwance tata a cinya. Ba ta san sunan magani ko ɗaya ba, amma ta san aikin kowanne. "Wannan farar ƙarama ta safe ce, wannan kuma ita ke sa ni fitsari." Na leƙa. Maganin wata guda aka ba ta, wata ya cika, amma fiye da rabi yana nan ba a ɓalle ba.

Da layi ya zo kanta, nas ta ga abin da na gani.

"Inna, yaya ba ki shanye ba?"

"Ai jinin ya sauka, 'yar nan. Kan ma ya daina ciwo."

Nas ɗin ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambaye ta ko ta ci goro da safen nan, domin goro da kofi da sigari suna ɗaga awo. Ta sa ta jingina, ƙafa a ƙasa, ta huta minti 5, sannan ta naɗa mata abin awo a dantse. Ya nuna 170 bisa 100. Daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Inna kuwa tana zaune garau, ko jiri babu.

Ban ga laifinta ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ya koya mana yadda ciwo yake: jiki ya yi zafi, a sha magani kwana 3, a miƙe. Hawan jini ba ya bin wannan hanya. Ya sauka ne don ƙwayar tana aiki, ranar da aka ajiye ta sai ya fara komawa inda yake, ba tare da sallama ba. Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan lalura ba su ma san suna da ita ba. Wasu ba sa sani sai an wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce. Wasu sai ƙoda ta gaza, a koma zaryar wankin ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, sau biyu ko uku a mako, kuɗin da ke sa a sayar da fili.

Ba kowa ne ya daina don rashin sani ba. Wani dattijo a bayanmu ya ce raba ƙwayar yake yi biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Wannan ya fi ci mini rai, don ba wa'azi yake buƙata ba. Gara ya faɗa wa likita gaskiya, a duba masa mai sauƙin kuɗi, 'ya'yansa kuma su sa maganin cikin lissafin cefane.

Akwai kuma tukunya. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi. Inna ta rantse ta rage gishiri, kuma na yarda da ita. Sai dai dunƙulen miya gishiri ne rabinsa ko fiye, kanwar ɗanwake da ta kunu ita ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin. Ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis don ciwon gwiwa. Suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda.

Kafin Inna ta tashi, nas ta kira jikanta da ke tsaye a bakin ƙofa yana latsa waya. Ta ce masa kullum bayan sallar asuba ya miƙa mata da hannunsa, ya tsaya ta haɗiye. Yaron ya sa ƙararrawa a wayar nan take.

Da muka dawo gida na karɓi ledar gwaggo na ƙirga. Kwana shida ta tsallake. Idan akwai mai irin wannan leda a gidanku, don Allah ku buɗe ta yau ku ƙirga.