Hoton wuya, ciwon wuyan hannu

Ni na ja Goggo zuwa hoton MRI, ba likita ba. Sana'arta ɗinkin hula, tun tana budurwa, sai ga shi yatsun hannunta na dama sun fara mutuwa. Cikin dare zugi kan tashe ta, ta yi ta yarfe hannun har ya saki. Likitan farko ya ce a je a yi gwajin jijiya. Ni kuwa da ɗan karatuna da wayata a hannu, na ce wane irin gwaji kuma, ga injin da ke ganin komai? Na tattara kuɗi, kuɗin da ba kaɗan ba, aka shigar da ita cikin injin nan mai ƙara, tana ta salati.

Sakamako ya fito: faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na biyar da na shida a wuyanta ya zaizaye, ya ɗan bulluƙo. Har wani daɗi na ji, wai na gano ciwo. Ban ma koma wa likitan da takardar ba. Na sayo mata abin tallafe wuya, ta yi ta fama da shi cikin zafin bazara, tana cewa, “Ɗan nan, wuyan nan fa lafiyarsa ƙalau.” Ni kuma in ce, “Goggo, hoto ai ba ya ƙarya.”

Gaskiya ne bai yi ƙarya ba, tambayar da na yi masa ce ba tasa ba. MRI siffa yake nunawa: ƙashi, guringuntsi, laka, ƙari idan akwai. Bai san ko saƙo na wucewa ta cikin jijiya ba, kamar yadda hoton wayar lantarki ba zai gaya maka ko an kawo wuta ba. Kuma wuyan duk wanda ya manyanta ba ya rasa abin nunawa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1990, an ɗauki hoton wuyan mutanen da ba sa kukan komai, aka tarar kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 40 faifansu ya zaizaye.

Sai da allura ta fara suɓuce mata, tsokar gindin babban yatsa ta lotsa, sannan muka dangana da likitan jijiya. Ya ajiye ambulan ɗin hoton gefe bai buɗe ba. “Hajiya, ƙaramin yatsan fa, shi ma yana mutuwa?” Ta ce a'a, shi kam lafiya lau. Ya ƙwanƙwasa cikin wuyan hannunta, ta zabura. Ya sa ta lanƙwasa hannun ta riƙe, kafin minti guda yatsun sun ɗauka. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya da jijiya ɗaya ke bi tare da igiyoyin tsoka tara. Jijiyar nan ke ba babban yatsa ji, da manuni, da na tsakiya, da rabin na huɗu. Ƙaramin yatsa wata jijiyar ce daban ke kula da shi. Matsewar jijiya a wannan hanya ta fi kama mata, da masu ciwon suga, da masu juna biyu.

Ranar gwajin an ce kada ta shafa mai, kuma sai da aka ɗumama hannun, don sanyi na rage gudun jijiya. Aka manna mata wayoyi, ana sakin 'yar wuta, yatsa na harbawa, kwamfuta na auna lokaci. Lafiyayyar jijiyar hannu na kai saƙo da gudun da ya haura mita 50 a daƙiƙa. Tata tana gudu daidai daga gwiwar hannu, tana isa wuyan hannu sai ta yi nauyi. Daga nan aka koma EMG: siririyar allura cikin tsoka, lasifika na fitar da ƙarar aikinta. An gwada tsokar damtse da ta bayan wuya, domin matsewar jijiya a wuya ma kan kashe babban yatsa da manuni, nan ne ɗan uzurina idan ina da shi. Duk lafiya. Ta gindin yatsa kaɗai ke ta tsattsafi ko tana hutawa, alamar jijiyarta ta fara sakinta.

Likitan bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Malam, da kun zo da wuri, wataƙila ɗaurin da ake kwana da shi da allura a wurin sun wadatar.” Ya kuma ce hoto na da ranarsa: da hannuwa da ƙafafu ne suka yi rauni tare, ko tafiya ta rikice, shi da kansa zai tura mu MRI a ranar. Mai duba marar lafiya ne ke zaɓen gwaji, bayan ya ji kukansa ya taɓa jikinsa, ni kuwa na zaɓa ne da tsada.

An yi mata 'yar tiyata aka saki hanyar, zugin dare ya tafi. Tsokar dai ba ta ciko duka ba, don jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta farfaɗo gaba ɗaya ba. Hular da take gamawa da wuri a da, yanzu sai ta ja ta, zare kuma jikarta ke zura mata.