Yadda Muka Zaɓar wa Jirginmu Sabuwar Kwata

A wannan makon muna so mu ba ku labarin wata shawara da ta ɗauki gidanmu kusan wata uku kafin a yanke ta, wato inda jirginmu zai riƙa kwana. Wanda iyayensa ba su da jirgi zai iya cewa ai wannan ƙaramin abu ne, ko'ina aka samu bakin ruwa sai a kafa turke a ɗaure. Amma 'ya'yan masu jirgi da ke cikin makarantar nan sun san kwata ita ce gidan jirgi, kuma idan gidan bai yi kyau ba, jirgin ba ya daɗewa.

Jirginmu na katako ne, yana da inji ɗaya a baya. Da shi Baba yake ɗauko albasa da shinkafa da bandar kifi daga gungaye zuwa kasuwar Yawuri, ya kuma mayar da mutane da kayan da suka saya. Abincinmu da kayan makarantarmu da littattafanmu duk daga cikinsa suke fitowa. Injin kuwa da kuɗin adashi da bashin Baffa aka saye shi, kuma har yanzu ba a gama biya ba. Saboda haka in wani abu ya sami jirgin nan, ya sami gidan gaba ɗaya.

Tsohuwar kwatarmu tana ƙasan unguwarmu, tafiyar minti biyar daga ƙofar gida. Kaka ne ya kafa turken da ke wurin tun yana saurayi. Amma shekara da shekaru yashi da laka suna taruwa a bakinta, ga burgu da kainuwa sun rufe hanyar shiga. Idan ruwa ya janye, sai jirgin ya zauna a kan laka. Kullum da asuba sai Baba da Yaya sun shiga taɓo har gwiwa suna tura shi, wani lokaci mu ma a kira mu mu kama. Katakon ƙasansa ya fara tsagewa, sau biyu ana toshe shi da auduga da kwalta a shekara ɗaya. Ranar da kafintan jirgi ya ce wa Baba in aka ƙara shekara guda a haka sai an canza gindin gaba ɗaya, ranar aka fara maganar tashi.

Kafin mu faɗi wuraren da aka duba, ya kamata mu yi bayanin halin ruwanmu, domin shi ne tushen maganar. Kogin Kwara, wanda littafi yake kira Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Najeriya ta jiharmu ta Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. A 1968 aka gama gina madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki, kuma garinmu yana can ƙarshensa na arewa. Malaminmu na nazarin zamantakewa ya koya mana cewa sau biyu ruwa yake zuwar mana a shekara. Akwai farin ruwa, wato na daminar yankinmu, mai laka, wanda yake cika kogi wajen watan Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, wato na daminar Gini, wanda yake daɗewa a fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, sai ya iso nan da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan sai tafkin ya riƙa raguwa, saboda ana sakin ruwan a madatsa don samar da lantarki, har ya kai ƙarshen janyewarsa a wajen Yuli. Abin mamaki ke nan: ana ruwan sama, amma kogi yana ƙasa. Don haka wurin da ka gani da zurfi a watan Janairu, a Yuli yana iya zama filin da awaki suke kiwo.

Wurare uku aka kawo a gaban tabarma.

Na farko shi ne babbar kwata ta bakin kasuwa. Yaya ne ya fi son ta. Hujjarsa ita ce fasinja da masu kaya a nan suke, ba sai ka neme su ba. Akwai mai gadi da dare, akwai masu sayar da fetur da masu gyaran inji a kusa. Amma ana biyan kuɗin kwana kullum, ko ka yi aiki ko ba ka yi ba. Kuma jirage sun yi yawa, ana ɗaure su gefe da gefe. Da damina iska tana tasowa daga kudu maso yamma, ta ratso faɗin ruwa, ta riƙa haɗa su suna karo da juna har gari ya waye. Babban jirgi ba ruwansa, amma irin namu matsakaici shi yake shan wahala a tsakani. Baba ya ce: "Mun gudu daga laka don kada gindi ya fashe, sai kuma mu kai shi inda haƙarƙari zai fashe?"

Na biyu shi ne bayan gidan Baffa, a gungu. Wurin yana da zurfi duk shekara, ba a biyan ko kwabo, kuma ba wanda zai taɓa jirgin, don duk mutanen wurin dangi ne. Baffa ma ya ce zai ba mu ɗakuna biyu. Wannan shi ne wurin da ya fi tayar mana da hankali mu yara, domin in jirgi ya koma gungu, to gida ma ya koma. Ke nan kullum sai an ƙetaro da mu makaranta, kuma ranar da aka yi hadari ko aka rasa mai, babu karatu. Mun san yaran da suka koma can da niyyar za su riƙa zuwa, zango ɗaya suka yi suka daina. Ƙanwarmu tana aji shida na firamare, bana za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ba mu da bakin magana a gaban manya, sai muka kai kukanmu wurin Inna. Da dare ta ce wa Baba: "Malam, jirgi zai ji daɗi a can, amma yaran nan fa? Kuma ka tuna da ciwon Baba Tsoho. In ya tashi cikin dare, ta ina za mu kai shi asibiti?" Ta faɗi haka ne domin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, kuma ko babu doka, mai hankali ba ya shiga tafkin nan da duhu. Itatuwan da ruwa ya cinye tun lokacin madatsa, kututturansu suna nan a tsaye a ƙarƙashi. Babu gidan da ya manta da hatsarin jirgin da ya nufi kasuwar Wara a watan Mayu na 2021, wanda mutane masu yawa suka rasu a cikinsa. Allah Ya jiƙansu. Baba bai ce komai ba a daren, amma daga ranar ba mu sake jin ya ambaci gungu ba.

Na uku wani lungu ne a arewa da unguwarmu, inda wani rafi yake shiga kogi. Ƙasa ta miƙo kamar harshe ta kare shi daga iskar damina, don haka ko ana igiyar ruwa a waje, cikinsa shiru. Matsalarsa uku ce: nisa, don tafiyar minti ashirin da biyar ce daga gida, babu mai gadi, kuma bakin wurin gonar wani dattijo ce. Ban da haka, masunta sun ce akan ga sawun dorina a can gaba da shi.

Kaka ya ce kada a yanke hukunci da ido, a auna. Wannan aikin mu aka ba wa. Yaya ya samo doguwar gora, muka ɗauko rular lissafinmu muka yi mata zane da wuƙa a kowace rabin mita. Duk ranar Asabar, tun daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Yuli, muna zuwa da ƙaramin kwalekwalen maƙwabcinmu mu soka gorar a wuri ɗaya, mu rubuta a bayan littafin lissafi. Mun kuma riƙa jin abin da gorar take taɓawa a ƙasa, ko yashi ne, ko laka, ko dutse, ko itace. A makon da ruwa ya fi janyewa, tsohuwar kwatarmu ba ta kai rabin mita ba, amma lungun nan ya haura mita ɗaya da rabi, kuma ƙasansa yashi ne. Mun gano kututture ɗaya a hannun hagu na mashigar, muka ɗaura masa jarka da igiya don ya zama alama. Da muka kai wa Baba littafin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa Kaka ya ce: "Baba, ga abin da 'yan boko suka samo." Mu dai mun ɗauki wannan a matsayin yabo.

Maganar dorina kuwa, masuntan da suke kafa gura a wurin aka tambaya, tunda da ɗan gari akan ci gari. Suka ce hanyarta tana can sama, kusa da gonakin shinkafa, kuma da dare take fitowa kiwo. Suka ba da shawarar kada yaro ya je wurin shi kaɗai kafin gari ya waye sosai ko bayan magariba, kuma duk wanda ya gan ta da ɗanta ya ba ta wuri. Wannan ya zama doka a gidanmu.

Saura izini. Bakin ruwa ba a shigarsa haka kawai. Baba da Kaka suka sayi goro suka je wurin Sarkin Ruwa, muka bi su muna riƙe da ledar. Baba ya durƙusa ya ce: "Ranka ya daɗe, laka ta kore mu daga kwatar gado, mun zo neman inda za mu kafa turke." Sarkin Ruwa ya aika aka kira mai gonar. Dattijon ya yarda, da sharaɗi biyu: kada a taka masa shuka, a bi ta gefen kunya ɗaya kawai, kuma in ya cire albasarsa Baba ya kai masa ita kasuwa. Aka yi addu'a aka shafa.

Matsalar gadi ita ta fi wuya. Ɓarawo ba ya ɗaukar jirgi, inji yake nema. Sai aka shirya cewa kullum da yamma za a kwance injin, a ɗora a baro, a turo shi gida, jirgin kuma a sa masa sarƙa da kwado. Da wasu gidaje biyu masu fama da irin lakarmu suka ji labari, sai suka nemi su biyo mu. Yanzu jirage uku ne a lungun, kuma gidajen uku suna haɗa kuɗi su biya wani tsohon masunci da yake kwana a bukka a wurin. Yaya ma bai yi asara ba, domin da safe jirgi yana zuwa bakin kasuwa ya yi lodi, a biya kuɗin lodi kawai, da yamma ya dawo gidansa.

Ba za mu ce komai ya yi daɗi ba. Yanzu da an idar da sallar asuba muke tashi mu taya Yaya tura baro, mu dawo mu yi wanka mu taho makaranta, shi ya sa wani lokaci kuke ganinmu da gudu a bakin ƙofa ana shirin rufewa. Inna ta rasa wasu daga masu sayen ƙosanta, tunda babu mai tsayawa a tsohuwar kwata. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Kaka. Da can kullum da la'asar yana zaune a gindin turkensa yana jiran jirgi, yanzu ƙafarsa ba ta kai shi lungu. Yana ɗan yaro aka tashe su daga gungun da aka haife shi, cikin mutane kimanin 44,000 da aka sake wa matsuguni saboda madatsa, a lokacin da ruwa ya cinye tsohon garin Busa. Mun zaci shi zai fi kowa ƙin tashi, sai ga shi shi ne ya fara cewa a tashi. Ya ce mana: "Jikokina, ni na ga gari guda ya tashi saboda ruwa. Kogi ba ya bin mutum, mutum ne yake bin kogi." Abu ɗaya ya roƙa, kada a cire turkensa. Ba a cire ba, an sari sabo na ƙirya an kafa a lungu. Ranar Juma'a kuma Baba yakan biyo ta gaban tsohuwar kwata idan akwai ruwa, ya ɗauke shi su zaga.

Ga 'yan uwanmu da gidajensu suke fama da irin wannan matsala, ga abin da muka gani ya yi amfani. A auna zurfi lokacin da ruwa ya fi janyewa, kada a auna lokacin cikarsa. A lura da inda iska take fitowa da damina. A tambayi masuntan wurin kafin a kafa turke. A nemi izini. A kuma lissafa da makaranta da asibiti, domin mutanen jirgi a tudu suke kwana. Sannan duk inda za ku, ko da tsallake ɗaya ne, ku sa rigar ruwa, kuma kada ku shiga jirgin da aka cika fiye da kima.

Littafin awonmu yana nan, mun ci gaba da rubutawa duk Asabar, muna so mu cika shekara guda mu ga yadda farin ruwa da baƙin ruwa suke hawa da sauka a kan takarda. Duk wanda yake so ya gani, ko yake so mu auna tare a kwatarsu, ya same mu a aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin tara. Sai wani makon, in Allah Ya kai mu.