Ranar Da Tsohon Babur Ya Kwanar Da Ni A Salaga

Na baro Tamale bayan sallar asuba a kan tsohon babur ɗina, Honda CD175 ƙirar shekarun 1970. Niyyata in ratsa Salaga in kai Makango, in hau jirgin fito in tsallake tafkin Bolta zuwa Yeji. Na riga na ba da kafin alƙalami na bandar kifi a can, kuma mai kifin ya ce in ban iso ranar ba, zai sayar wa wani.

Lokacin hunturu ne, ƙura ta ko'ina. Ina dab da Salaga, rana ta ɗaga, sai babur ya fara tari, ya yi harbi sau biyu ta salansa, ya mutu. Na buga kik har cinyata ta yi tsami, shiru.

Dokar tsohon babur ɗaya ce: mai tukuna, sannan wuta. Na zare tiyon kafireta, mai na zuba. Na danna hon, ya yi ƙara sosai, to batir lafiya. Na kwance filogi na jingina shi da jikin inji na buga kik. Maimakon tartsatsi shuɗi mai ƙara, sai wata 'yar jar wuta mai sanyi. Na gwada na biyu, haka nan. Filogi biyu ba sa mutuwa rana ɗaya, don haka ciwon na wajen abin da ke ba su wuta ne. Na buɗe murfin kwantak, na tarar bakinsa ya yi baƙi ya ci rami. Na goge shi da gefen kwalin ashana, na daidaita tazarar kamar kaurin kati, wajen milimita 0.3 zuwa 0.4. Ya tashi. Ban yi tafiyar minti goma ba ya sake mutuwa.

Da turi na shiga Salaga. Samarin kanikawa biyu suka leƙa suka girgiza kai, su baburan zamani suka sani, masu akwatin wuta da ake cirewa a sa sabo. Wani mai shayi ya nuna mini gidan wani dattijo a zango.

Na same shi a zaure, na yi sallama na durƙusa.

"Baba, in ya huce yana tashi, in ya yi zafi sai ya ɗauke."

Ya dubi kwantak ɗin da na goge, ya ce, "Ɗana, ka wanke gyambo ne, ba ka cire ƙaya ba. Me ya ƙona shi? Kwandansa ce ta gaji. Ita ke hana wuta cin bakin kwantak. In ta mutu, ko sau goma ka goge zai ƙone."

Ba a samu ta babur ba a garin. Ya aiki jikansa garejin motoci, aka ciro ta wata tsohuwar Fijo. Bai shiga ramin ta asali ba, sai ya ɗaure ta kusa da kwal ya haɗa waya. Kik ɗaya, wuta shuɗiya.

Amma jirgi ya riga ya tafi, dole na kwana. Da yamma ya zaga da ni ya nuna mini tsofaffin rijiyoyin garin. Nan ne fataken ƙasar Hausa ke sauka da jakuna bayan tafiyar watanni, su sayi goron da ake kawowa daga ƙasar Ashanti, wanda har yau muke kira ɗan Gwanja. An kuma sayar da bayi a kasuwar, ba abin ɓoyewa ba ne. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, 'yan kasuwa suka nufi Yeji da Karaci da sauran wurare. Malam Umaru ma ya zauna nan kafin ya koma Karaci, inda ya rasu a 1934.

Da na isa Yeji washegari, an sayar da rabin kifina. Na ɗauki abin da ya saura, na gode Allah. Dattijon kuwa ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya, goro kawai ya yarda na saya masa. Tun daga ranar, ba na fita doguwar tafiya sai da kwandansa da kwantak da filogi biyu a ƙunshe cikin tsumma a ƙarƙashin kujera. Ta Fijon nan tana jikin babur har yanzu.