Bayan Dashe Sai Ban Ruwa

Duk wadda ta ji an yi mini dashen gashi, tambaya biyu take yi: nawa na kashe, kuma da zafi? Har yau ban samu wadda ta tambaye ni abin da nake yi wa kan nan kowane dare ba, alhali nan ne maganar take. Dashen yini guda aka yi shi aka gama. Maganin kuwa wata 19 ke nan ina kansa, kuma likita ba ta sa mini ranar dainawa ba.

Matsala biyu ce a kaina, kowacce da hanyarta. Ta farko, kitso ne ya cinye mini gaban goshi. Tun muna firamare a Zariya mai kitso za ta ja har sai girarki ta ɗaga, ƙuraje su feso a gefen kunne, a ce ai kitson da ya ja shi ne ke daɗewa. Saiwar gashi idan aka shekara ana jan ta, tun tana sake tohowa har ta mutu, wurin ya yi sumul. Idan ta kai haka, babu man kaɗanya ko hulba ko man darbejiya da zai tashe ta. Wannan wurin aka dasa mini a Istanbul, bayan na yi shekara guda ina tara kuɗin aikin awa 20 da bizar ɗalibai ta yarje mana a mako. An ciro saiwa 1,600 ɗaya bayan ɗaya daga ƙeyata aka shuka su a gaba. Gashinmu yana lanƙwashewa tun daga ƙarƙashin fata, shi ya sa ciro shi ba tare da an yanke saiwar ba sai wanda hannunsa ya saba da irin kanmu.

Ta biyun gado ce. Tsagar tsakiyar kaina tana ƙara faɗi, gashin wurin yana sirancewa, kamar yadda na goggona ya yi, kamar yadda na kakata ya yi. A gidanmu ba a taɓa kiran abin da suna ba. Ɗankwali ya rufe, shi ke nan. Wannan kuwa dashe ba ya tsayar da shi. Gashin ƙeya yana da juriya, kuma yakan tafi da juriyarsa duk inda aka kai shi, amma gashin asali da ke bayan wurin dashen yana nan yana bin tsarin gadonsa. Idan aka bar shi, nan da wasu shekaru sai a ga layin gashi a gaba, bayansa fili. Duk wanda ya taɓa ganin dashen albasa a fadama ya san ranar dashe ba a cika wahala ba, ban ruwan ne aiki.

Ban ruwan nawa sunansa minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai likitoci suka lura masu shan ta gashi yana tsiro musu, har a inda ba a so. A 1988 Amurka ta amince da na shafawa a kai. Ni mai kumfa nake amfani da shi, mai ƙarfin kashi 5, sau ɗaya a rana. Na fara da na ruwa, ya sa mini ƙaiƙayi da wani abu kamar amosani, likitar fata ta ce wani sinadari ne da ke cikin na ruwan wanda babu shi a mai kumfa, aka sauya mini. A nan Ingila asibitin gwamnati ba ya bayar da shi, a kemis ake saye. Ba tsada can ba idan wata ɗaya aka duba. Sai kin ninka da goma sha biyu, kin kuma ninka da shekarun da Allah ya ɗiba miki, sannan za ki ga lissafin.

Akwai abin da ya kamata duk mai shirin wannan hanya ta sani tun da wuri, don kada zuciyarta ta tsinke. Gashin da aka dasa zubewa yake yi cikin makonnin farko, saiwar ce take zama, sai bayan wata uku ko huɗu sabon ya fara leƙowa, kuma ba a yanke hukunci sai an shekara ko fiye. Shi ma maganin, farkon fara shi sai zubar ta ƙaru na ɗan lokaci kafin ta lafa. Nawa duka biyun suka haɗu, a tsakiyar hunturu, ina rubuta babi na biyu na kundin digirina. Na daina duba mataji. Da aka gwada jinina sai aka ga ƙarfen jikina ya yi ƙasa, haka ma bitamin D, wanda dama baƙar fata a ƙasar da rana ke rowa ba ta cika samun isasshe ba. Aka ƙara mini ƙwayoyi biyu.

Yanzu abin ya zama jiki. Bayan sallar isha nake shafawa, kai a bushe, in wanke hannu sosai, in bar kan a buɗe ya sha iska kafin in kwanta, don idan ya gogu a matashin kai ya taɓa fuska, gashi ne zai fito a kumatu. Ƙaramar hular da muke sawa a ƙarƙashin mayafi na sauya ta da mai santsi marar roba. Kitso kuma sai kalaba manya guda huɗu, sakwa-sakwa, da hannuna. Wata 'yar Kumasi da muke haya tare ta ce kaina ya fi tukunyar furen da ke tagarmu samun kulawa, kuma gaskiyarta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci daban.

An sa bikina bayan babbar salla mai zuwa. Minoxidil kuwa ba a amfani da shi da ciki, kuma ana ba mai shayarwa shawarar ta guje shi. Sauran magungunan ma ƙofarsu a rufe take. Finasteride da maza ke sha yana iya cutar da ɗan tayi namiji, har an hana mai ciki taɓa wanda ya farfashe. Spironolactone da wasu likitoci ke ba mata shi ma ba ya tafiya da ciki. Kuma duk abin da maganin ya riƙe miki, kina dainawa yake fara sakinsa, cikin wata uku zuwa shida an koma gidan jiya. Likitata ta ce shi kansa cikin yakan riƙe gashi, amma wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa sai ya zuba da yawa. Na zauna na lissafa: wata tara na ciki, sannan shayarwa, wadda a wajenmu takan doshi shekara biyu. Kusan shekara uku babu magani a kan ɗa guda. Umma kuwa, da na yi mata wannan lissafin a waya, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, wa ya taɓa fasa haihuwa don gashi?"

Ba wanda ya ce zai fasa. Amma na ga irin kallon da ake yi wa goggona idan ɗankwalinta ya zame a gidan biki, na kuma san gidan aure ba a kwana da ɗankwali kullum. Namiji mai sanƙo har tsokanarsa ake yi wai alamar kuɗi ce. Mace kuwa ko sunan abin ba a yarda a faɗa mata ba, sai dai a yi ƙus-ƙus a ce ko sammu ne, ko ta taɓa wani mai.

Na gaya wa wanda zan aura, duka, har da lissafin. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko ciwo ne da ke taɓa lafiyar jiki. Na ce a'a. Ya ce to shi ma nasa ya fara ja da baya, sai mu riƙa raba madubi. Na yi dariya, duk da na san nauyin ba ɗaya ba ne.

Mun tsara da likita zan daina shafawa kafin biki, ba sai an ga ciki ba. Za ta ɗauki hoton tsagar kaina a watan da zan daina, a riƙa maimaitawa duk bayan wata shida, don mu san abin da ke tafiya da gaske da abin da tsoro ne kawai ke nuna mini. Ta kuma ce a bar sauran gashin ƙeya a ajiye, domin ba ya ƙaruwa, abin da aka ciro ya tafi ke nan, kuma wataƙila a buƙace shi nan gaba. Kwalba biyu ta rage mini a durowa, ba zan sayi wata ba sai bayan yaye.