Ƙafafun Tsohuwar 504

Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasa tsakanin Panisau da Rangaza bayan damina ya san inda mota ke fara gajiya. Ba inji ba ne, shokabzoba ne. Peugeot 504 ɗin da na gada wurin Baba ta fara rawa a kan kowane rami, sai ka danna gabanta ka saki, ta yi ta lilo kafin ta tsaya.

Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Aikin shokabzoba ya hana shi tsalle: fistin yana tura mai ta wasu ƙananan kafofi, man ya danne girgizar. Idan ƙurar hunturu ta cinye robar bakinsa, mai ya zurare, shi ke nan.

A motocin tsere akwai wanda ake murɗawa ya yi tauri ko laushi. Bakanikenmu hannu yake amfani da shi. Ya kwance na gaba, ya wanke da fetur, ya sa sabuwar roba, ya zuba mai mai ɗan kauri saboda buhunan gero da nake lodawa. Ya ce in na fi so in je Kofar Ruwa in sayo tsohon Beljiyam. Na ƙi, domin wancan ban san wahalar da ya sha ba.

Motar nan a 1975 aka fara harhaɗa irinta a Kaduna, shekarar da ta ci tseren Safari a Kenya. Raina ba ya so ta ƙare a bakin gareji kan ƙaramin abu kamar roba.